Shekaruna Kala Biyu

A shingen gadar Kaliyawo
jandarma ya dubi gemun da bai gama tsirowa ba,
ya ce, "Ƙato kamarka, ina katin shaida?"
Na kwana biyu a bayan kanta
kafaɗa da kafaɗa da wani da ya sari ƙaninsa.
A can babu wanda ya kira ni yaro.

Ran Litinin na je neman katin.
Matar ofis ba ta ɗago kai ba:
"Je ka zo da babba,
da takardar haihuwa."
Inna ta haife ni a kan tabarma
shekarar da ruwa ya cinye dawa.
Tabarma ba ta da hatimi.

Mai karɓar haraji a kasuwar Marwa
bai taɓa tambayar shekaruna ba.
Baron albasata yake ƙirgawa,
ya yago rasit.

Daren jiya dattawa suka zauna a kanmu:
daga yau, bayan isha'i, kada a ga samari a titi.
Haladu ya ɗaga hannu.
Hannun ya daɗe a sama
har ya koma sosa ƙeya.
Baffa Sambo ya ce yaro bai san wuta ba.
Mu ne fa muka dafa shayin taron.

Sha bakwai gare ni, in ji Inna.
Idan za a karɓa, na girma.
Idan zan yi magana,
sai a ce in tashi in kwashe kofuna.