Kowane Kai

Ofis ya ba ni sikeli da takarda,
aka ce in zaga Bilbis gida-gida,
in auna iccen da murhu ke ci
tun kunun safe har tuwon dare,
in raba shi bisa kawunan gidan.

Gida na tara namu ne.
Inna Tasalla na tsugune, ido ya yi ja,
tana hura ɗanyen kalgo.
Na rataya daminta: kilo goma sha ɗaya.
Mu ma sha ɗaya ne, har da jinjirin Habsu.
Na rubuta: kowane kai, kilo guda.

Ta ce in karanta mata. Na karanta.
Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.
"Kowane kai?
To ina sauran goman suke
sa'ad da na taso daga hanyar Kalfu?
Gammo ɗaya na sani a gidan nan."
Ta zame kallabi ta nuna mini tsakar kai,
inda gashi ya daina tsiro tun ina goye.

A Yamai za a zuba lambata cikin na wasu,
a jera ƙasashe jikin bango,
kowace da sandarta,
wannan doguwa, waccan ko taƙi ba ta kai ba.
Na taɓa tsayawa gabansu.
Ga masu hura icce don ɗumin falo,
ƙanƙara na zuba bayan gilashi;
ga masu murɗa kan gas da yatsa biyu;
ga mu.
Sanda ba ta tari.
Ba ta san sabara ta bar bakin Tawa ba,
har jakin Agali sai ya kwana a daji
kafin ya cika mangala.

"Ka gama?" in ji Inna.
"Sauke mini abina, wake bai san ofis ba."

Da tukunya ta sauka
ta jawo bakin wuta guda, rabinsa gawayi,
ta turbuɗe shi cikin rairayi saboda gobe.
Na duba takardata sama da ƙasa,
ba gurbin abin da aka hana wa wuta.

Da dare na ci malmala biyu.
Hannuna na warin hayaƙi,
kaina kuwa bai ɗauki komai ba.