Ajin da Na Zana a Ƙasa

Saura zango ɗaya in gama karatun malanta a Gumel,
na zo hutu ƙauyenmu, nan gefen Auyo.
Bayan la'asar na zauna a kufan ajinmu na uku
wanda ruwan bara waccan ya kwantar.
Na tsinci kara, na share ƙasa da tafin ƙafa,
na soma gini, ba bulo, ba ɗan kwangila.

Nan ƙofa. Ta dubi gabas,
hantsi ya riga mu shiga.
Taga huɗu masu ƙyaure na gaske,
ba gutsuren kwano da iska ke kaɗawa
yana amsa darasi kafin yara.
Allon ba zai sha baƙin batir ba
irin na Malam Ɗanjummai
da ke mai da hannunmu na masu gawayi.
Benci, kowa da gurbinsa.
Shekara shida na yi a kan buhun taki,
har yau in na ji warinsa sai in tuna jadawalin bakwai.

Layin gaba na Tabawa ne.
Ita muka riƙa kira daƙiƙiya,
aka tura ta can jikin bango,
ashe allon take gani dishi-dishi.
Sai da ta girma ta sa tabarau kunya ta kama mu.
A ajina, kafin in ce wa yaro "Ka gane?"
zan ce "Kana gani? Ka karya?"

Ranar kasuwa aji kan rage rabi.
Ba zan kumbura ba.
Washegari Mati zai tsaya gaban allo
ya faɗi buhun tattasai nawa suka kai,
nawa aka taya, nawa aka sallama, nawa la'ada,
mu kuwa mu rubuta.
Yaron da ba a taɓa cuta a canji ba
ba zai ci sifili a hannuna ba.

Da harshen da suke mafarki da shi zan fara.
In Turanci ya iso, baƙo ne,
a shimfiɗa masa tabarma, a saba da shi a hankali.

Tsumagiya fa?
Zan kafa ta a bakin ƙofa in riƙa ba ta ruwa.
In ta yi ganye mu sha inuwa,
in ta bushe mu nuna taswira da ita:
ga kogin Haɗeja, ga fadama, ga mu nan, ɗigo.

Randa biyu a ƙarƙashin darbejiya, da moɗa.
Can baya makewayi mai ƙofa da sakata,
kada wata ta sake zama a gida kwana biyar
a rubuta mata lalaci a rajista.

Ina cikin haka Baffa Ilu ya wuce da shanun huɗa.
Ya leƙa zanen, ya ce, "Malami, da wane albashin?"
Na buɗe baki, ban sami komai a ciki ba.
Wata akuya ta biyo bayansa
ta rushe min taga biyu da kofato.

Na miƙe zan kakkaɓe riga,
sai ga 'yar yarinya da farantin dafaffiyar gyaɗa.
Ta daɗe tana kallo, ashe.
Ba ta tsallake layin bango ba.
Ta zagaya har inda na ce ƙofa,
ta cire silifas,
ta yi sallama.

Na amsa. Muryata ta ɗan karye.

Ta shiga ta zauna a gurbin Tabawa,
ta ce sunanta Zinaru, ba ta iya rubuta shi ba.
Na miƙa mata karan, na riƙe hannunta:
ja nan, gangaro, sake ja.
Da harafin ƙarshe muka fara.
Har aka kira magariba ba mu kai na uku ba.
Ta ce, "Gobe ƙarfe nawa?"