Layi Ɗaya

Ranar Talata a Sharaɗa, tun ba a tada injin ba,
aka jera mu bayan ofis, kowa da 'yar roba a hannu.
Kamfanin da ke narka roba ya yi buta da bokiti
yau robar fitsari yake rabo.
Aka yi ta dariya. Har da ni.

Shekara tara ina jan motar gidan nan,
Kano zuwa Gusau, Kano zuwa Maraɗi,
ko ɗan akuya ban taɓa takewa ba.
Iyakata goro, shi ma ɓari,
sai shayin Sagiru in dare ya raba.

Na miƙa tawa. Ma'aikaciyar ta ɗaga ta a haske,
ja kamar an sirka zoɓo.
Ta tsoma ɗan tsinke, ta dubi agogo.
Na Hamisu layi biyu, na Barau layi biyu,
nawa ɗaya tilo.
Na ce madalla, nawa ne mafi ƙanƙanta.
Ba ta ko murmusa ba.
Ashe a wannan lissafi ɗaya ne mai laifi.

Manaja ya karɓi makulli da yatsa biyu.
Kafin na isa Ja'en labari ya riga ni sauka.
Mai rake ya daina ce mini Direba,
yaran layi suna leƙen idona,
wai ko za su ga abin da na sha.

To, na sha.
Wata huɗu ke nan, kullum da asuba, kafin karin kumallo.
Can Asibitin Zana nake karɓowa,
na ja hula har gira, kada wani ya gane ni.
Tarin fuka ne. Katin na cikin rigar matashin kai.
Likita ya ce fitsari zai rine, har hawaye,
ya ce kada na tsallake ko kwana ɗaya.
Zancen tsinke dai bai taso ba,
ni ma ban san zan tambaya ba.

Kwana uku ina juyi a tabarma.
In na yi shiru, ni ɗan ƙwaya ne.
In na buɗe baki, a ware mini kofi.
Gaba kura, baya sayaki.

Zinatu ce ta farke matashin da wuƙar albasa,
ta zura katin a aljihuna, ta ce,
"Ɗayyabu, tari yana warkewa.
Wancan sunan fa, har 'ya'yanka sai sun gada."

Na koma. Na zube kati da kwalin magani a tebur.
Ma'aikaciyar ta karanta, ta sake karantawa,
ta sauke tabarau ta ce,
"Me ya hana ka faɗa tun farko?
Tsinken nan kamanni yake gani, ba ya tantancewa.
Kama da wane ai ba wane ba ne.
Akwai maganin mura ma da kan ruɗe shi.
Sai mu aika babban ɗakin gwaji,
can inji yake kiran kowane abu da sunansa."

Kwana goma sha ɗaya na jira.
Na ci bashin shinkafa, na sayar da rediyo.
Rannan takarda ta zo da hatimi:
babu komai sai maganin likita.

Manaja ya miƙo makulli, bai ce yi haƙuri ba,
ya ce a duba mai kafin a fita.
Hamisu ya rungume ni.
Barau ya ce barka daga nesa,
ya janye kofinsa zuwa ƙarshen benci.

Takardar tana aljihuna har yanzu, ta fara yagewa a ninki.
Ba wanda ya nemi ya gani.
Mai rake bai iya karatun boko ba,
kuma har yau da sunana kawai yake kirana.
Saura wata biyu na gama maganin.