Tafin Hannun Iya Gwamma

A Kasuwar Dole, gefen masu kanwa,
Iya Gwamma ta shekara talatin kan tabarma ɗaya.
Sassaƙen marke a dama, sabara a hagu,
tazargade ƙulle a bakin zane,
da wata saiwa da ba ta faɗin sunanta.
Ni ce jikar da ke riƙe mata canji.

Ba ta da ma'auni sai tafin hannu.
Ta dubi idonka, ta dubi harshenka,
ta tambayi abin da ka ci daren jiya,
sannan ta ɗebo, ta rage, ta ƙara ragewa.
Takan ce, “Itace bai san mai shan sa ba,
ni zan gabatar masa da kai.”

Na girma na sa farar riga.
Yanzu a babban asibiti nake kwana,
ina ƙirga ɗigon ruwa cikin jijiyar mutane.

Daren Laraba aka kawo Barmo majemi,
warin bagaruwa da fata na biye da shi.
Ƙafa ta kumbura ta ƙi takalmi,
kwana biyu ko ɗigon fitsari.
Matarsa ta zaro gorar roba,
baƙin ruwa, ba suna, ba adadi.
Jika biyu ya ba mai mota da lasifika
da ya rantse tana kashe cuta arba'in,
basir, sanyi, hawan jini,
har talauci in ka jure ɗacinta.
Motar tana Magariya yanzu, ko Tanut, wa ya sani.

Majo ya bugi tebur: “Kun ga gargajiyar taku!”
Na yi shiru ina laluben jijiya.
A aljihun Barmo na tsinci ƙwayoyi,
ja da rawaya, irin na kan faranti
da rana ke gasawa a bakin tasha.
Huɗu-huɗu yake haɗiya don ciwon baya.
To wa zan kama, gora ko ƙwaya?
Ƙodar dai ba ta nuna kowa da yatsa ba.

Na tuna daminar da ƙanena Lawali ya sanƙare,
zazzaɓi ya juya masa ido sama.
Duk gida aka zuba wa Iya ido.
Ta taɓa goshi, ta ɗaga fatar ido,
ta ture turminta da ƙafa:
“Wannan ya fi ƙarfin tukunyata.
Ku tsai da kabu-kabu.”
Ita ta goye shi, da tsufanta,
ta tsaya kan allura ba ta kau da kai ba.
Da ya farfaɗo ta dama masa kunun tsamiya.

Ita ce kuma, da ciki ya murɗe ni ina yarinya,
ta dafa sabara, ludayi ɗaya, kwana uku,
ta ce ya isa.
Ya kuwa isa.
Ko ciwon ne ya gaji ya tafi da kansa?
Ba wanda ya auna,
Iya kuma tana maƙabarta, ba ta amsa tambaya.

Barmo ya tashi, kwana goma sha ɗaya.
Takardar magani ta ce jika tara.
Ya kwance lalita, uku ne a ciki.
Ya ce, “'Yata, gaya mini gaskiya,
in waɗannan sun ƙare kafin in sai da fata,
me zan sha?”

Abin da ke takardar an gwada shi kan dubbai,
an san iyakarsa, an rubuta sharrinsa.
Abin da ke daji ba ya neman jika tara.
Duka biyun na sani, na rasa ta cewa.

Na ce kada ya sake shan abin da ba shi da suna.
Na ce duk abin da aka ba shi,
ganye ko ƙwaya,
ya kawo mini in gani tukuna.

Sai ga ni ina duba idonsa,
ina cewa ya fito da harshe,
ina tambayar abin da ya ci daren jiya.