Allurai Bakwai

Ƙarfe ɗayan dare a Valparaiso.
Tanderu ya huce, ni ban huce ba.
Babanmu Evaristo ya bar mana gidajen burodi bakwai
da littafin bashi mai maiƙo,
amma bai bar adireshin da baƙo zai iya bi ba.
Da hannu yake kwatance:
ka hau, ka ƙara hawa,
in ka ga bango mai zanen kifi, sai ka bi ƙamshi.

Ƙanena Baltasar ya ce zamanin bin hanci ya wuce,
a sa taswira a shafinmu,
irin wadda in an taɓa take motsi.
Ya faɗi haka ya tafi ya kwanta.
Aiki ya zama nawa.

Kowane shago lambobi biyu ne, in ji na'ura,
ɗaya ta kwance, ɗaya ta tsaye.
Na shigar, na danna.
Jar allura ta faɗo daga saman allo
ta tsaya cak a tsakiyar teku,
can arewa, inda ko tsuntsu ba ya sayen burodi.
Allura cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka.
Ashe ɗan gajeren layin nan na gaban lamba na manta,
wanda ke cewa mu mutanen kudu ne.
Garin gyara na goge ɗayan ma,
shagon bakin kasuwa ya koma duwatsun Pakistan.
Na yi dariya ni kaɗai har karen maƙwabta ya tanka.

Kafin ma'aikatan kwaɓi su iso, bakwai ɗin sun zauna daram.
In ka taɓa ɗaya sai ta buɗe baki:
ga hoto, ga waya, ga lokacin buɗewa.
In ka ware yatsu, titi ya matso.
In ka tsuke su, garin ya koma tafin hannu,
tsaunukanmu duk sun baje kamar an bi su da muciya.

Nan ne ƙaryarta.
Kwana uku, Herminia ta kira, tana haki.
Taswirarki ta ce minti huɗu, Fresia.
Matakala ɗari da sittin da biyu na ƙirga,
da wannan gwiwar,
na isa na tarar da kwaɗo a ƙofa!
Ranar Litinin ce. Na manta reshen nan ba ya Litinin.
Na gyara. Na ƙara a ƙarƙashin allurar:
akwai hawa, a zo da numfashi.

Tun daga nan nake kiwonsu.
Wannan ta sauya waya.
Waccan an toshe titinta ana haƙa bututu.
Ta bakin tashar jiragen ruwa kullum sai ta karkace zuwa shagon mai aski,
kullum sai na jawo ta da kunne.

Jiya muka rufe na kan tudu,
na farko, wanda baba ya gina tanderunsa da tubalin aro.
Haya ta fi ƙarfin ciniki.
Baltasar ya miƙa makulli, sauran nawa ne.
Na kai yatsa kan allurar,
na'ura ta tambaye ni: kin tabbata?
Mai gidan bai tambaye ni ba. Lauya ma haka.

Na daɗe ina kallon tambayar.
Na zuƙo har na ga rufin kwanon,
da inuwar igiyar shanya,
da lungun da nake zama ina cin ɓawon da ya ƙone.

Na danna e.
Taswira ta ɗan girgiza ta gyara zama,
ta matso da shidan tsakiya
kamar dama can shida ne.

Ƙasa, an fara kunna wuta.
Na sauka in auna gishiri.