Cunkoso a Kan Gada

Awa biyu ke nan muna kan gada,
Legas ta toge kamar jakin da ya ga rafi.
Ni a gaba, hannu kan sitiyari,
tsoho Piyasena a baya, ido rufe,
mutumin Sirilanka, mabiyin Buddha.
Shekara tara ina tuƙa shi daga Ikeja zuwa Ikoyi.

Wani direban danfo ya fasa mini madubi,
ya kuma leƙo ya ƙunduma mini ashar.
Na kama ƙofa. Tsoho ya ce, da Hausarsa mai ɗingishi,
"Ɗanlami, zauna. Fara da kanka.
Ka ce, in zauna lafiya.
Sai wanda kake ƙauna, sai wanda ba ka sani ba.
Wancan bar shi ƙarshe, kamar ƙashi a miya."

Na ce a raina, tsohon nan bai san garin nan ba.
Amma hanya ba ta motsi, ba ni da abin yi.

Na fara da kaina, baki ya yi nauyi.
Da na kai ga Talatuwa, 'yata mai tari tun damina,
zuciya ta buɗe ba gardama.
Ga wata mai tallar ruwan leda tsakanin motoci,
silifas ɗinta ya tsinke,
sai na ji zafin kwalta a tafin ƙafata.

Sama'ila ya faɗo mini,
wanda muka sauka Agege tare a motar shanu.
Yau tirela uku gare shi,
labarinsa ya daɗe maƙale a wuyana kamar ƙayar kifi.
"Taya shi murna," in ji tsoho wata rana,
"arziki ne da ba a biyan ko kwabo."
Na gwada. Rabi ya shiga.

Mai danfo fa?
Idonsa ja, da gani bai runtsa ba tun jiya.
Na ce, kai ma ka isa gida lafiya.
Ban faɗa da ƙarfi ba.

Ƙarƙashinmu ruwa kwance,
ya goya kwalekwale, ya goya sharar gari,
bai ce wannan ya fi wancan ba.
Masunci ya jefa taru, ya jawo wayam,
ya sake jefawa.

Aka danna ham. Na sa giya.
A Obalende na yi la'asar,
shi ya jira ni a inuwa
yana gutsura wa wani kare biredi.

Madubin har yau ban gyara ba.