Toka da Lemun Tsami

Tsoho Vernon ya rasu ran Talata a Toledo,
ƙanƙara na ɗiga daga indararon gidansa.
Shekara huɗu ina juya shi a gado,
ina ba shi magani a cokali, ina yanke masa farce.
'Ya'yansa suka zo daga nesa, suka raba kujeru da agogo.
Ni gwangwanin kofi aka miƙo mini,
sunana a jiki, da rubutunsa mai karkarwa.

Na buɗe. Rabin dala ne, guda talatin da ɗaya,
baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.
A wasu, mace ce ta nufi fitowar rana,
mayafinta na kaɗawa, hannunta a miƙe.
A wasu kuma ƙararrawa ce mai tsaguwa.
Na saki ɗaya a tebur, ta yi wata 'yar ƙara siririya,
ta daɗe tana yi, kamar ba ta son yin shiru.

To, ni rainon Inna ce,
wadda kwano bai taɓa kwana da dauɗa a ɗakinta ba.
Na roƙi tokar gawayi wajen maƙwabci,
na yanka lemun tsami uku,
na zauna dirza har agogo ya buga biyu.
Da asuba suna ƙyalli, har ina ganin haƙorana a ciki.

Shagon yana titin Sylvania, kusa da mai gyaran takalmi.
Dabrowski ya maƙala gilashi a ido ɗaya,
ya juya ta farko, ya juya ta biyu, ya ajiye.
Ya ce, wa ya wanke su?
Na ce ni ce, har da gyara zama.

Ya ce, baiwar Allah, kowace sule farashi biyu gare ta.
Akwai na azurfar jikinta, wannan sikeli ke faɗa,
bai san mace ba, bai san ƙararrawa ba, nauyi kawai ya sani.
Akwai na shekarunta, wannan masu tarawa ke biya,
su kuwa baƙin nan suke nema,
shi ne shaidar ba a taɓa ta ba.

Ya zaro ɗaya da ɗan yatsa.
Dubu ɗaya da ɗari tara da ashirin da ɗaya,
ga ɗan harafi a bayanta, ƙarami kamar ƙwayar gero.
Da baƙinta kika kawo ta, da ta biya miki haya.
Yanzu dubi zanen toka a fuskarta.

Na tuna Vernon da dare, in barci ya ƙi,
gwangwanin a cinyarsa, yana murza su ɗai-ɗai,
wannan ta babansa, wannan ladan yankan ciyawa.
Ashe yatsunsa na kwana ina wankewa.

Talatin suka hau sikeli, na karɓi kuɗin nauyi,
ban tambaya ko tukunyar narki za su ba.
Ɗayar na mayar aljihu.

Tana bakin tagar kicin yanzu, kusa da barkono.
Dabrowski ya ce za ta sake duhu, amma ba bana ba,
kuma zanen ba zai ɓace ba.
Kullum kafin in fita aiki nakan murza ta sau ɗaya,
hannuna da maiƙon ƙosai,
ba na gogewa.